Yadda Ciyayyar Ƙofar Gidanmu Ta Watse

Na san abin da ake gaya muku a tsohuwar unguwarmu duk sa'ad da kuka je barkar suna ko gaisuwar mutuwa. Ana ce muku uwarku ce ta raba babanku da mutane, ta watsa ciyayyar da aka gada tun zamanin kakanni, ta mai da Alhaji guda mai cin tuwo shi kaɗai a zaure. Kuna dawowa ku ja bakinku ku tsuke, amma ina gani a idonku. To, ku zauna ku karanta nawa. Masu ba ku labarin nan ba su ga ƙirjin babanku a ɗinke ba, kuma yawancinsu a lokacin ko majina ba su iya share wa kansu ba.

Abin ya faru ne shekara biyu bayan an ba mu Jihar Sakkwato. Babanku yana tsakiyar ƙarfinsa, yana sayen fatu da ƙiraga daga kasuwannin Mada da Ruwan Bore har zuwa Bungudu, yana sayar wa wani kamfanin Turawa. Ni kuma ina koyarwa a firamare a nan Gusau, shi ya sa ake ce mini Malama, shi ma haka yake kirana. Ciwon ya fara masa da nauyin ƙirji in ya yi sauri zuwa masallaci. Ya ce gajiya ce, na ce gajiya ba ta sa mutum ya dafa bango yana gumi. Muka yi ta jan maganar har ranar da ya durƙushe a sito cikin fatu. A babban asibitin Zariya aka ce hanyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini sun toshe, kuma aikin ba na ƙasar nan ba ne. Turawan da yake ciniki da su suka shirya tafiya Ingila, aka ce ni zan raka shi tunda ina jin Turanci. Nasa Turancin bai wuce na taya fata ba. A can aka tsaga ƙafarsa ta hagu daga idon sawu har cinya, aka zaro jijiyar jini, aka raba ta uku, aka buɗe ƙirjin aka ɗinka su yadda jini zai kewaye wuraren da suka toshe.

Ranar da za a sallame mu, likitan ni ya zaunar, domin babanku yana ta gyangyaɗin magani. Ya ce jijiyar ƙafa aro ce, ba don aikin zuciya aka yi ta ba, kuma ta fi ta asali saurin toshewa. Abin da ke toshe ta wani irin kitse ne mai yawo a cikin jini, suna ce masa kolestarol, yana mannewa a jikin jijiya a hankali kamar yadda maiƙo ke daskarewa a wuyan kwalba. Na babanku ya yi yawa. In aka rage shi, jijiyoyin nan uku za su iya kai shi shekaru masu dama. In ba a rage ba, kada in yi mamaki ciwon ya dawo kafin yaranmu su yi wayo, kuma aiki na biyu ya fi na farko haɗari. Ya ce a riƙa auna jininsa a Zariya lokaci-lokaci. Sannan ya lissafa abin da za a hana shi, ni kuma ina mai da shi abincinmu a cikin kaina: man shanu, manja, kitse, tozo, ɓargo, ƙwaƙwalwa, kayan ciki, gwaiduwar ƙwai. Wato duk abin da ake ba mai jinya a ƙasarmu don ya murmure.

Da muka dawo gida ya cika. Kowa ya zo dubiya da abin da ya fi ƙauna: wannan ƙoƙon man shanu, wancan ƙwan zabi, wani ya jawo rago har tsakar gida. Na yi godiya, na karɓa, na rarraba wa maƙwabta ta ƙofar baya. A rana ta uku Inna, mahaifiyar babanku, ta iso daga Bungudu da ƙwarya shaƙe da man shanu, ta tarar da ni ina fige wa kaza fata kafin in jefa ta a tukunya. Ta tsaya tana kallona. Na yi mata bayanin likita tiryan-tiryan, tana saurara tana taunar goro, har na gama.

“Wa yaj ji likitan ga da kunnenai in ba ke ba?” in ji ta.

Na ce babu, amma abin da aka gaya mini shi nake faɗi.

“An ɗebe mai jijiya an ɗinka,” ta ce. “Shi da ka sana'ar hwata ya sani, ɗinkin da bai sha mai ba tsagewa shikai.”

Babanku yana kwance yana jinmu, bai goya mini baya ba. Wannan ya fi maganar Inna yi mini ciwo, domin na gane shi ma bai gama yarda ba. Daga ranar na san yadda ake kallona: mace ta tafi da miji ƙasar da ba kowa, ta dawo da doka a bakinta, kuma ita kaɗai ce shaidar dokar. Akwai waɗanda suka ce yunwa nake so ta ƙarasa abin da wuƙa ba ta yi ba. Na yi kunnen uwar shegu da su, na ci gaba da miyata: kuka da kuɓewa da yakuwa, daddawa mai yawa, busasshen kifi, man gyaɗa cokali guda. Furarsa kuwa da tsala nake damawa, nonon da aka riga aka kaɗe aka cire man, kindirmo bai ƙara shiga ƙoƙonsa ba.

Abu ɗaya ne ba ya hannuna, shi ne tuwon dare. Ku da kuka tashi kowa da farantinsa a gaban talabijin ba ku san ciyayya ba. Bayan magariba magidantan layinmu, su wajen bakwai, suna haɗuwa a ƙofar gidanmu a kan tabarmi, kowane gida a fito da akushi, a jera, a ci tare. Ba a cewa wannan nawa ne wancan naka. Da babanku ya fara takawa ya ce zai koma, ban hana shi ba, amma na aika aka kira mini Malam Barmo, amininsa tun suna yara, wanda ya girme shi kaɗan kuma duk layin ake jin maganarsa. Na durƙusa daga bayan labulen zaure na yi masa bayani, na ce amanar ran amininsa ce na ba shi, kada ya bar shi ya sa hannu a akushin kowa sai nawa.

“Malama, ki kwantar da hankalinki,” ya ce. “Ni da kaina ni ka aza akushinki gabanai.”

Kullum akushina yana dawowa a suɗe tas. Ina jin daɗi, har ina yabon kaina.

Awon farko a Zariya, likita ya ce kitsen bai sauka ba. Na ce ai da sauran lokaci. Awo na biyu, bayan damina ta faɗi, ya ce ya ma hau, ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya ko na fahimci abin da aka gaya mini a Ingila. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane Turanci. Na haɗiye. Da muka iso gida na shiga wurin Maman Bulus, maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Zariya, nas ce a asibitin gari, mijinta yana aikin jirgin ƙasa. Ita kaɗai ce a layin ba ta taɓa yi mini kallon mai kisan miji ba. Ta ce akwai mutanen da jikinsu ne yake yin kitsen ko da ganye suke ci, wannan sai haƙuri. Amma ta ce in dubi wuyan Alhaji da kyau. Na koma na duba. Mutumin da wata da watanni nake ba kuka da busasshen kifi ya yi ƙeya, kumatunsa har sheƙi suke yi. A nan na tabbata wani yana ciyar da shi a bayan idona.

Na tambaye shi, ya ce in bar shi ya huta, ya juya fuska bango. To, sai na fara bin mutane ɗaya-ɗaya. Ba zan ɓoye muku ba, a watannin nan ba wanda na yarda da shi. In baƙo ya yi sallama, hannunsa nake fara dubawa. In babanku ya dawo daga sito na karɓi babbar rigarsa kamar mai ladabi, sai na shiga ɗaki in sunsuna ta.

Na fara da Labbo, direbansa. Duk tafiyar da suke yi ta hanyar Funtuwa sai sun ratsa Tsafe, kuma kun san Tsafe, tun daga nesa hayaƙin tsire da balangu yake tarar mota. Wata safiya suna masallaci na buɗe motar na laluba, na zaro tsinkayen tsire daga ƙarƙashin kujerar direba, takardar da aka naɗe su duk ta jiƙe da mai. Na ajiye su a faifai, na kira Labbo tsakar gida, na tura masa faifan da ƙafa. Mutumin nan da furfura a gemunsa ya tsuguna yana rantsuwa. Ya ce nasa ne. Ya ce tun da muka dawo Alhaji ba ya ko sauke gilashi a Tsafe, shi ne in yawunsa ya tsinke sai ya ce zai duba taya, ya zagaya bayan mota ya cusa tsinke biyu a tsaye kamar ɓarawo. Ya ce in ban yarda ba ga makulli. Ban karɓi makullin ba, amma ban yarda ba, sai da na bi su tafiya biyu na ga yadda babanku yake kau da kai daga masu naman.

Sai na koma kan Inna, wadda dama ita na fi zargi. Duk Juma'a babanku yana zuwa Bungudu gaishe ta, ya daɗe a ɗakinta. Na ce daga yau da ni za a riƙa zuwa. Muka je, muka gaisa, ta dama masa fura da hannunta ta miƙa masa. Kafin ya kai baki na miƙa hannu na karɓi ludayin, na ce bari in ɗanɗana albarkar Inna. Kun san abin da ake nufi in suruka ta ɗanɗana abin da uwa ta ba ɗanta. Na kurɓa. Tsala ce zalla, mai tsami, ko ɗigon mai babu.

“Kin samu sammun da kike biɗa?” in ji Inna.

Na sunkuyar da kai.

“Ban yarda da likitanki ba, ban yarda da ke ba,” ta ce. “Amma ni na haihe shi. Ban kashe shi don in ci gardama.”

Ashe tun ranar kazar nan tsohuwar ba ta ƙara ba shi komai mai maiƙo ba, bakinta ne kawai bai daina ba. Na dawo Gusau da kunya, amma kunyar ba ta kashe zargin ba, sai ma ta ƙara masa wuta. In ba Labbo ba ne, ba Inna ba ce, to wane ne? Na zargi yaran sito. Na zargi Bafillatanar da ke kawo mana nono, na ce ko tana barin mai a cikin tsalar, har na sa ta kaɗa a gabana. Akwai ranar da na zauna ina tunanin ko likitan Zariya ne injinsa yake ƙarya. Ciyayya kuwa ko kusa ba ta zo mini a rai ba. Ga akushina yana dawowa a suɗe, ga Malam Barmo duk sa'ad da muka gaisa ta bayan labule yana ce mini amana tana nan.

Gaskiyar da ƙafarta ta shigo gidana, da hantsi, ina tankaɗe. Tumba ce, matar Malam Barmo, mace mai kirki wadda cikinta ba ya riƙe magana. Ta zauna, muka gaisa, ta ce alfarma ta kawo ta.

“Ki gwada mini yadda kike miyar ga taki. Malam tun da yaf fara cinta, ƙwarnahin da ka hana mai kwana ya bar shi. Shi ɗai ka tashi da akushinki, ko loma bai bar ma kowa.”

Na ajiye rariya. Na tambaye ta a hankali, to shi Alhaji me yake ci?

“Haba Malama, ai ba mu bari shi kwana da yunwa. Duk matan layi munka yi shawara, kowace ta ƙara ludayin man shanu ga miyatta sabadda shi. Ni jiya ma ɓargo nis sa mai.”

Tana faɗi tana murmushi, tana jiran in yi godiya. Kuma ku sani ba mugunta ba ce. Tausayi ne. Sun ga mutum ya dawo daga bakin kabari, matarsa tana ba shi miyar gidan yari, suka ce ba a layinsu za a yi wannan ba. Gida shida suna dafa wa mijina ajalinsa da zuciya ɗaya, mai gadin da na sa kuwa yana cinye shaida. Malam Barmo bai ma ɗauka ya ci amana ba. Daga baya ya ce ai ya cika alkawari, kullum yana aza akushin a gaban Alhaji, daga nan kuma hannu ba shi da linzami.

Na jira babanku ya dawo cin rana. Na rufe ƙofa, na gaya masa abin da na ji, ban ɗaga murya ba don kada ku ji. Bai musa ba. Ya daɗe yana shafa tabon ƙafarsa.

“Malama, mutum shida na turo mini tsoka, kowane da hannunai, shina ce mini ci ka ji ƙarhi. Wane ɗaya za ni kunyatawa? Likitanki bai san ciyayya ba.”

Na ce to ya bar ciyayyar, ya dawo ciki ya ci. Ya dube ni kamar na ce ya bar salla. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya janye akushinsa ba sai wanda ya mutu ko wanda ya ƙulla gaba, kuma a ƙofar gidansa ake zama, ina zai ce musu ya tafi? Na ce in je in roƙi matan su daina sa mai. Ya ce in gwada. Na gwada. Na shiga gida uku, a na farko aka ce mini to, a na biyu aka tambaye ni ko a Ingila aka koya mini shiga tukunyar mutane, a na uku matar ta ci gaba da daka ba ta ko ɗago ba. Daren ranar miyar kowa ta fi ta kullum mai, domin har ɗakina na ji ƙanshin. A makon nan ne kuma na ga babanku ya tsaya a tsakiyar tsakar gida ya dafa ƙirji. Ya ce gyatsa ce. Mai yiwuwa gyatsar ce, amma ni na ga bangon masallaci, na ga gumin nan, na ga ku huɗu kuna wasan ƙasa a gindin durumi, babbanku bai ko shiga aji uku ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ko a Ingila ban ji ba.

Sai na tuna ranar da aka shiga da shi ɗakin aiki, ina zaune ni kaɗai a kan benci, na yi bakance in Allah ya fito mini da shi zan ciyar da mutane. Ban cika ba tukuna. Na ce wa babanku lokacin cikawa ya yi, kuma ga yadda nake so: ya sanar da abokansa cewa don godiya ga Allah, daga yanzu tuwon daren ciyayya gaba ɗaya daga gidansa zai riƙa fitowa, kowa ya hutar da iyalinsa. Ban yi ƙarya ba, bakancen gaskiya ne. Amma na san abin da nake yi. Ba mai iya ƙin sadaka, kuma ba mai fito da akushinsa ya yi gasa da ita. In duk abin da ke kan tabarma daga tukunyata ya fito, to su tura masa duk tsokar da suka ga dama. Babanku ya ce zai yi tunani. Ranar Juma'a bayan an sauko ya sanar, aka yi ta sa albarka.

Tuwon magidanta bakwai kullum ba wasa ba ne, balle miyar da ba mai, wadda sai an yi mata wahala kafin ta ciwu. Na yi wata guda ina haɗawa da makaranta, ina shiga aji da warin daddawa a hannu, ina gyangyaɗi a kan littattafan yara. Ƙarshen zangon na ajiye aikin. Ina son aikin nan. Har yau in na ji ƙararrawar makaranta sai na waiwaya. Masu cewa don jin daɗina na yi, su gaya mini daɗin da ke cikin tsugunno gaban murhu tun la'asar.

Makonnin farko kowa yana zuwa, ana ci ana yabo da baki. Sai na lura akusan sun fara dawowa da saura. Sai na ji a bakin Tumba cewa mazan suna komawa gida su ce a ɗumama musu wani abu mai maiƙo. Matan kuwa abin ya ci musu rai fiye da yadda na zata. A layin nan mace da miyarta ake saninta. In mijin wata ya dawo ya ce yau akushinki aka fara cinyewa, ta kwana da farin ciki. Ni na ƙwace musu wannan a rana ɗaya, na kuma nuna wa duniya cewa girkinsu guba ne. Aka daina aiko mini da goron biki. In na shiga gidan suna sai hira ta mutu. Daga nan mazan suka fara zamewa. Wannan ya ce sanyi yana taɓa masa gwiwa, wancan ya ce yana da baƙi, wani ya ce zai riƙa tsayawa karatu a masallaci har isha. Kafin kaka ta wuce suka shimfiɗa sabuwar tabarma a can bakin layi, ƙofar gidan surukin Malam Barmo, kowane gida ya koma fito da akushinsa. Ba su gayyaci babanku ba. Ba don ƙi ba, sun dai gane cewa in ya zo, ni ma na zo a cikin akushina. Malam Barmo ya fi kowa daɗewa, don shi miyar tana yi masa, amma mutum biyu ba ciyayya ba ne, kuma can ɗin gidan surukinsa ne. Wata rana ya aiko a ce yana gaisuwa.

A daren da akushin ya dawo ba a ko buɗe shi ba, babanku ya shigo da shi da kansa, ya ajiye a gabana, ya tsaya.

“Malama, kin san haka za a yi tun hwarko?”

Na ga zargin a idonsa, irin wanda na yi wata da watanni ina yi wa mutane. Na ce, “Abin da nis sani shi na, jijiya ukku gare ka, kuma aro ta.”

Ga amsar a rubuce, tunda shi ban ba shi ita cikakkiya ba. Ban shirya su watse ba. Na ɗauka za su saba, kamar yadda ku kuka saba. Amma da na ga suna zamewa, na san ludayi ɗaya na man shanu zai dawo da su, ga ƙwaryar Bafillatana tana shigowa gidan kullum, ban sa ba. Ko yau aka mai da ni ranar, ba zan sa ba.

Awon da ya biyo baya, likitan Zariya ya duba takarda, ya sake dubawa, ya ce kitsen ya sauka sosai, bugun zuciyar ma ya yi masa kyau, duk abin da muke yi mu ci gaba. A mota babanku ya yi ta fara'a kamar yaro. Ya tsokani Labbo a Tsafe, ya ce ya sauka ya duba tayar tasa, yau an yafe masa. Ya yi ta maimaita maganar likitan da karyayyen Turancinsa. Muka shigo Gusau ana fitowa daga magariba. Da muka karyo kwanar layinmu, ga su nan a kan sabuwar tabarma, an jera akusa, har an wanke hannu. Ya ce wa Labbo ya tsaya. Na ce ya bari sai da safe, bai ko ji ni ba. Ya fita yana gyara riga, ya yi sallama da ƙarfi, ya ba kowa hannu, ya gaya musu jini ya yi kyau, jijiyoyi suna nan lafiya. Suka ce alhamdu lillahi, madalla, Allah ya ƙara sauƙi, kuma na san har zuciyarsu suka faɗa. Yana tsaye yana murmushi. Ina kallo ta gilashi, sai na ga Malam Barmo ya miƙa hannu a hankali ya jawo faifai ya rufe akushin da ke gabansa. Na kusa da shi ma ya rufe nasa. A ƙasar nan da ko maƙiyinka ya tarar da kai kana ci sai ka yi masa tayi, mutum shida suka zauna da hannu a jiƙe, ba wanda ya ce wa babanku bismilla.

Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya yi musu sai da safe ya dawo mota. Ni a raina hamdala na yi da suka rufe, ba zan yi muku ƙarya ba. Shi kuma ya zauna, ya ja ƙofa, ya ce, “Labbo, mu tahi gida.”

Jijiyoyin nan sun kai shi har ya aurar da ku uku, ya ɗauki jikoki a cinyarsa, kuma da ajali ya zo ba ta ƙirji ya zo ba. Duk tsawon shekarun nan a zaure yake cin tuwonsa, ƙofa a buɗe, fuskarsa tana kallon layi. Bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban taɓa ce masa ya yi haƙuri ba. Kullum dai ina zuba masa na mutum biyu, ko wani zai yi sallama, kullum da safe ku kuke ɗumama sauran.